Yadda Na Kai wa Hassan Hularsa

Tun da na dawo daga Kamaru bakina bai huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har mai keken da ke ɗauko ni daga unguwar Shagari ya ce yana so ya ji ko da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk lokacin da na sake ba da labarin sai na ƙara wa kaina wata jarumtar da ban yi ba. Don haka ga shi a rubuce yadda ya faru, har da wuraren da na sha kunya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Husaini, ina koyar da fiziks a wata sakandare a Jimeta. Akwai wani babi can ƙarshen littafi da nake tsoro fiye da yadda ɗalibai ke tsoron sa, wanda ke cewa haske igiya ne kamar igiyar ruwa, kuma ƙwaya ne kamar ƙwayar gero. Shekara da shekaru ina rubuta wannan a allo da ƙarfin hali. In wani ɗalibi ya ɗaga hannu sai in duba agogo in ce lokaci ya ƙure. Da aka aiko gayyatar taron malaman kimiyya a Ngaundare kan wannan babin, shugaban makaranta ya zaɓe ni a matsayin gwani, ya haɗa ni da Madam Rifkatu mai koyar da kemistri, 'yar Ganye, wadda ba ta iya ganin abin dariya ta kau da kai ba.

Sai dai hanyar Ngaundare ta Garwa take bi, kuma a Garwa ɗan'uwana yake. Ni ɗan tagwaye ne. Hassan ya tafi can koyon ɗinki wurin kawunmu tun muna samari, ya yi aure, ya zauna. Mahaifiyarmu, Dada, ta raine mu da labari guda: wai ranar da Hassan ya faɗo daga bishiyar mangwaro a bayan gari, ni ina gida na riƙe hannu na fasa kuka. Duk cikin garin Yola babu matar da ba ta ji wannan labarin ba. Muka tashi mun yarda cewa abin da ya sami ɗaya, ɗayan zai ji a jikinsa, ba sai an aika ba.

To, daminar bara aka yi mini aikin gwaiwa. Ciwo ne da namiji ba ya so a ambata masa a taro, don haka na ɓoye wa Dada, na ce na tafi makin jarrabawa. Matata ta ce bari ta kira Hassan, na hana. Na ce ai ya riga ya ji a jikinsa, mu zuba ido mu ga ko zai kira. Na kwanta a gadon asibiti waya na kan ƙirjina. Bai kira ba. Abin ya yi mini ciwo fiye da ɗinkin likita, na ƙudura ni ma ba zan ƙara neman sa ba. Haka muka zauna shiru har shekara ta zagayo, kowa na kiran Dada shi kaɗai yana ce mata lafiya lau.

Da na je yi mata sallama sai ta jawo wani ƙulli daga ƙarƙashin filo. Huluna ne biyu iri ɗaya, zare ɗaya, aiki ɗaya. A al'adarmu ba a ba ɗan tagwaye abu shi kaɗai, kuma Dada ba ta taɓa karya wannan ba ko a kan alewa.

"Usaini, ɓingel am, ɗana, ɗaya taka, ɗaya ta Hassan," in ji ta. "Kada ka sa taka sai ka sa masa tasa da hannunka."

Na ce to. A zuciyata kuwa na riga na gama shiri: in mun isa tashar Garwa zan ba wani direba hular ya kai masa.

Muka tashi daga tashar Jimeta da safe a wata mota da aka cusa mu kamar buhunan masara. Muka wuce Fufore, muka isa Gurin, inda hanyar mota ta ƙare a bakin kogin Faro. Daga nan sai kwale-kwale. Ina shiga malamtata ta motsa. Wani jirgin ya gifta mu, igiyar ruwansa ta haɗu da tamu, na ga inda suka haɗu suka yi tozo, da inda suka kashe juna ruwan ya kwanta. Na miƙe tsaye ina nuna wa Madam Rifkatu da yatsa, ina cewa ga darasinmu nan a fili. Mai jirgi ya ce da Fulatanci in zauna. Ban zauna ba sai da jirgin ya karkata, ƙafata ɗaya ta zurma, takalmina na hagu ya kama hanyar Binuwai.

"Oga Fiziks," in ji Madam Rifkatu, tana share hawayen dariya, "takalminka ya tafi a igiya ne ko a ƙwaya?"

Da silifas na roba na shiga ƙasar Kamaru, ina sanye da babbar riga. Jandarman da ke bakin iyaka ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi magana da Faransanci, na yi tsuru-tsuru. Da ya juya Fulatanci sai na ji kamar an ɗauke mini dutse daga ƙirji. Ya duba katin rigakafi, ya buɗe jaka, ya ga huluna biyu sababbi, ya ce to ni malami ne ko ɗan kasuwa. Na ce malami, taro za mu. Ya ce taron me. Nan na gane ban taɓa faɗin abin da nake koyarwa da harshen uwata ba. Na yi ta kame-kame, na ce za mu je ne a nuna mana yadda abu ɗaya ke bi ta ƙofa biyu a lokaci guda. Ya daɗe yana kallona. Daga nan ya buga hatimi ya ce a wannan iyakar dai ƙofa ɗaya ce, in bi ta in wuce.

Mun isa Garwa da la'asar, gari mai zafi irin namu, sai dai babura sun cika titi kamar Jimeta kafin zuwan keke. Na fito da hular Hassan ina neman direba. Madam Rifkatu ta tsare ni da ido.

"Mamanka ya ce da hannunka," ta ce. "Ni na ji, matarka ya gaya mini."

Na ce lokaci ba zai bari ba, motar Ngaundare na cika. Ta ce to mayar da hular jaka, in ka ba direba ni da kaina zan je Yola in kai rahoto. Na mayar. Muka fita daga garin ina kallon kowane shagon tela ta taga, ina gaya wa kaina cewa in da wani abu ya same shi ai da na ji.

Hanyar Ngaundare doguwa ce, kuma kusa da ƙarshe mota ke hawan dutse tana nishi har kunne ya toshe. Muna isa sanyi ya tarbe mu. Ni da na saba kwana a tsakar gida ina fifita, sai ga ni ina roƙon bargo na biyu a masaukin wata majami'a inda aka sauke mahalarta. Masu masaukin sun kyautata mana, har tabarmar salla suka nemo mini. Abin da ban saba da shi ba shi ne gaisuwar mazansu 'yan boko, da ke karo da goshi dama da hagu. Wani malami daga kudu ya nufo ni da kai, na ɗauka faɗuwa zai yi, na tare shi da hannu biyu.

Burodin kuwa gaskiya ne, ku gaya wa mai keke. Dogo ne, bayansa da tauri, suna tsaga shi su zuba taliya da ƙwai su ci da safe hankali kwance. Akwai kuma wani rogo da suke naɗewa a ganye su ɗaure da zare, a ci da gasasshen kifi. Ban ga yadda ake yi ba na kai baki da ganyen duka. Na tauna, na tauna, ina murmushi don kada a ce baƙo ya raina abinci, har mai dafawar ta zo ta karɓe ta warware mini kamar yaro. Kindirmonsu dai ban ga na biyunsa ba, ko a Vinikilang ta can wajenmu.

Mai jagorantar taron wata ce Dakta Jenabu, 'yar garin, ƙaramar mace mai sanyin murya da ta yi karatu a waje ta dawo. Tana bayani da Faransanci, ta maimaita da Turanci, in ta ga idona ya yi fari sai ta ƙara da Fulatanci. Ranar farko aka rufe tagogi, ta kunna fitilar leza, jan ɗigo ya bayyana a bango. Ta ce tana buƙatar gashin kai guda ɗaya, wa zai taimaka. Don in nuna Nijeriya ba ta zo da wasa ba, na yi wuf na miƙe na cire tsohuwar hulata. Na manta abin da ke ƙarƙashinta. Sanƙona ya ɗauki hasken, ɗaki ya fashe da dariya cikin harsuna uku. A gemu aka tsinko.

Ta miƙar da gashin a gaban fitilar. Ɗigon nan ya watse ya zama layi na ɗigo-ɗigo, haske da duhu, haske da duhu. Ta ce hasken ya bi ta gefen gashin biyu ya sake haɗuwa, inda igiyoyin suka dace suka ƙarfafa juna, inda suka saɓa suka kashe juna. Abin da na gani ke nan a Faro kafin takalmina ya tafi. Daga nan ta nuna mana hoton wani gwaji da aka ɗauka, inda aka rage hasken har ƙwaya ɗaya ke wucewa ta tsaga biyu a kowane lokaci. Kowace ta sauka a allo ɗigo guda, wuri guda, kamar an jefa tsakuwa. Da farko barkatai. Amma da ɗigon suka taru sai ga layukan nan sun fito. Ta ce in kuma ka sa na'urar da za ta gane ta wace tsaga ƙwayar ta bi, layukan ɓacewa suke yi. Na zauna baki buɗe. Abin da na daɗe ina rubutawa a allo ashe da gaske yake faruwa, kuma gemuna ne ya nuna.

Washegari ta shiga batun sarƙewa. Ta ce ana iya samar da ƙwayoyin haske biyu tare, a sarƙe, a aika ɗaya gabas ɗaya yamma. Duk nisan da suka yi, in an yi wa kowace awo iri ɗaya, sakamakon sai ya dace da na 'yar'uwarta. Ina jin haka ƙirjina ya buɗe. Na ɗaga hannu, na fito da ƙullin Dada, na ce wannan ai mu mun daɗe da sanin sa. A ɗauka ɗaya hular ja ce ɗaya shuɗiya, aka rufe kowace a jaka. Wanda ya buɗe tasa a Yola ya ga ja, nan take ya san ta Garwa shuɗiya ce.

Ta yi murmushi ta ce misalin ya yi kyau, amma ba haka ba ne. Hula tun ranar da aka ɗinka ta da launinta. Su kuwa ƙwayoyin, in masu awon suka riƙa sauya irin awon da suke yi yadda suka ga dama, dacewar da ake samu ta wuce abin da zai yiwu in da tun farko kowace ta fito da amsarta a rufe. An gwada, an sake gwadawa, haka ake samu.

Maimakon in zauna sai na ƙara zurmawa. Na ba su labarin bishiyar mangwaro, na ce ni da ɗan'uwana haka muke, abin da ya taɓa shi ina ji nan take, babu waya babu aike. Madam Rifkatu ta rufe fuska da gyale.

Dakta Jenabu ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Malam Husaini, mutane ba sa sarƙewa irin wannan. Amma ko ƙwayoyin ma ba sa aika wa juna labari. Mai awo a gabas, in ya dubi sakamakonsa shi kaɗai, ba abin da zai gani sai barkatai, kamar jefa kwabo. Ba zai san ko an auna ta yamma ba, ba zai san ko tana nan ba ma. Dacewar ba ta bayyana sai ɗayansu ya ɗauki abin da ya samu ya kai wa ɗayan, ko ya buga waya, su jera su gwada. Dole wani ya bi hanya."

Ta juya ta ci gaba da darasi. Ni kuwa ban ƙara jin komai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, ba zai san ko tana nan ba ma. Shekara guda ina fushi da mutum don ya ji bai kira ba, ban taɓa tambayar kaina ko ya ji ɗin ba. Na ji tsoro, tsoro na gaske.

A dawowa na sauka a Garwa. Madam Rifkatu ta ce za ta jira ni a gidan wata 'yar cocinsu, in ɗauki lokacina. Ban je shagon Hassan ba tun bikinsa, amma na gane layin. Shagon na rufe, wani mai sayar da katin waya ya kafa tebur a bakinsa. Na tambaya, ya dube ni ya zabura, don fuskarmu ɗaya. Ya nuna mini hanyar gida.

Matarsa Fadimatu ce ta amsa sallama. Ta ce jabbama, wato sannu da zuwa, ta sunkuyar da kai. Daga cikin zaure nake jin ƙarar keken ɗinki, yana tafiya yana tsayawa kamar na ɗan koyo. Na shiga. Hassan na zaune a bayan keken, ya rame, yana taka shi da ƙafar hagu. Ta dama ta ƙare a gwiwa, an naɗe wandon an soke da allura. Sanduna biyu na jingine da bango.

Na tsaya da silifas ɗina na roba ina kallon ƙafar. Shi kuwa bai tashi ba, bai kuma yi murmushi ba.

"Ka ga dama ke nan," ya ce.

Na ce, "Hamma, yayana, yaushe?"

Ya ce in daina yi masa wasa. Fadimatu ce ta ba ni labari daga bakin ƙofa. Mota ce ta buge shi a kan babur, aka yi ɗori bai yi ba, ƙafar ta ruɓe, likitoci suka yanke. Ta so ta kira ni tun ranar farko, ya hana. Ya ce Husaini ya riga ya ji a jikinsa, in bai zo ba bai ga dama ba ne. Dada kuwa an ɓoye mata saboda hawan jini. Ta ce har ya bar asibiti waya na gefen filonsa.

Na ce yaushe ne wannan. Ta ce daminar bara, bayan babbar salla kaɗan.

Na zauna a ƙasa. Na ɗaga riga na nuna masa bakin tabon ɗinkina, abin da ko abokaina ban nuna wa ba. Na gaya masa watan, na gaya masa yadda na hana matata kira, da wayar da ke kan ƙirjina. Muka jera kwanakin kamar yadda Dakta ta ce a jera. Lokacin da yake kwance a Garwa yana jiran kirana, ina kwance a Yola ina jiran nasa.

Ya dubi tabon, ya dube ni. Can ya ce, "To kai ba ka ji komai ba ke nan? Ko kaɗan?"

Na ce, "Na ji ciwo sosai, Hamma. Na ɗauka nawa ne."

Ya fara dariya, dariyar ta juye kuka, ni ma na taya shi. Mu biyu gandan-gandan da furfura a gemu muna kuka a zaure, Fadimatu ta ja labule ta bar mu. Da muka natsu na kwance ƙullin Dada na sa masa hularsa da hannuna, ya karɓi tawa ya sa mini, ya ce ta fi yi masa kyau don shi yana da gashi.

Na san abin da wasunku za su ce, don Dada ta riga ku. Da muka kira ta tare muka gaya mata komai, ta yi kuka, ta yi mana faɗa, sannan ta ce ai ga shi nan, wata ɗaya kuka kwanta, me ta daɗe tana faɗa. Ni malamin fiziks ne, na san dace ne kawai, kuma Dakta Jenabu ta ce mutane ba sa sarƙewa. Ban dai yi gardama da Dada ba.

Babin nan kuwa yanzu ba na duba agogo in an zo kansa. Ina rufe tagogi in tsinki gemu, ɗalibai na dariya. In an zo sarƙewa sai wani ya tambaya ko irin na tagwaye ne, in ce a'a, in gaya musu dole wani ya bi hanya. Hassan zai zo Yola a gwada masa ƙafar roba, zai sauka a wurina. Kafin nan, kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina kiran sa in tambaye shi ina ke masa ciwo, shi ma ya tambaye ni.